Ƙwan Zabi da Ramukan Bangon Kaka

Abin da na fara gani da na shiga gidan Kaka a Ƙofar Sauri, a hutun da na gama aji biyar, wasu ƙananan ramuka ne a bangon madafi, daidai tsayin gwiwata. Na zaci ɓera ne. Sai da yamma na ga Sadiƙu, ɗan Kawu Bala mai shekara biyu, ya jingina da bangon yana ƙwaƙular jar ƙasa yana kaiwa baki.

Ba ni da yawan magana, sai kallo. Na lura tafin hannunsa fari ne fat, kuma in ya yi taku goma sai ya zauna yana haki. Abincinsa koko da safe, shayi da burodi da rana, koko kuma da yamma.

«Wannan miji nawa malalaci ne,» in ji Kaka. «Ko cefane bai iya ba, sai cin gida.»

Bayan magariba mukan kewaye murhu, tuwo na turara, ita kuma tana gyara itace da ƙafa. Ba ta fara tatsuniya sai mun yi tsit. Sannan ta ce, «To ga ta, ku riƙe ta da kyau.»

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta wata mata ce mai ɗa guda, wadda so ya sa ta fara ba shi ƙwai da nama tun bai iya magana ba. Ya tashi da kwaɗayi. Wata rana ya bi zabuwa cikin jeji ya kwashe mata ƙwai ya shanye. Da gari ya waye, zanen zabuwa ya fito masa a jiki, ɗigo-ɗigo har goshi. Duk kasuwar da ya shiga sai a ce ga ɓarawon ƙwai.

«Kun ji mi ya sa ba a ba yaro ƙwai da nama sai ya yi wayo,» in ji Kaka. «Ɗiyan gidan nan babu ɓarawo.»

Sati na biyu Sadiƙu ya daina tashi wasa. Na raka mahaifiyarsa, Anti Rabi, asibiti, ina riƙe da jaka. Ma'aikaciyar jinya ta ja fatar idonsa ƙasa, ta sa aka gwada jini. Ta ce jininsa ya yi ƙasa don jikinsa ba ya samun sinadarin ƙarfe, cin ƙasar ma alama ce. Ta rubuta maganin sha, ta ce a rage shayi, a riƙa ba shi hanta, ƙwai, wake da zogale, in ba haka ba maganin zai ƙare ciwon ya dawo.

A gida Anti Rabi ta nuna wa Kaka kwalbar magani, ba ta faɗi sauran ba. Suruka ba ta gyara wa uwar miji girki. Kwana uku ana ba shi magani ana bin sa da shayi.

Na daɗe kafin na gane cewa tatsuniyar ta fito ne daga gidajen da ƙwai ba ya isar kowa, inda ake tsoron yaro ya saba da abin da ba kullum ake samu ba. Kaka ba mugunta take yi ba, tarbiyya take tsarewa yadda aka tsare tata. A lokacin ban san wannan ba. Na dai san ban da Anti Rabi ni kaɗai ce na ji abin da aka faɗa a asibiti, kuma jika tana iya faɗa wa kaka abin da suruka ba za ta iya ba.

Rana ta huɗu, da Kaka ta rufe tatsuniya sauran yara suka miƙe, na tsaya ina murza bakin hijabina.

«Ke kuma mi ne ne, Bilki?»

Na faɗa mata abin da ma'aikaciyar ta ce, ban ɗaga kai ba. Ta juya tana kallon Sadiƙu a cinyar uwarsa.

Na ce, «Kaka, ki ba ni ƙwai ɗaya kullum in dafa masa. In ya girma ya yi sata, ni za ki daka.»