Ranar da Yayana Ya Zo Neman Masara

Karatuna bai wuce na sallah ba, amma labarin Annabi Yusufu na riƙe shi tsaf. Wani tela Kirista, mutumin kudu, da rumfarshi ke jikin tawa a kasuwar Malanville, shi ya shimfiɗa mani shi kamar yadi. Ya ce a littafinsu ma yana nan, kuma manyan mazan da ake ba da labarinsu duk hanya guda suke bi: 'yan'uwa su yada mutum, ya faɗa ƙasar wasu, ya sha wuya, ya ɗaukaka, sannan yunwa ta koro mashi waɗanda suka yada shi.

Na ce, "Tela, ai ni kake faɗi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Shi fa kyakkyawa ne."

Kyau dai ban samu ba, sauran kuwa na samu. Da ubanmu ya rasu, yayana ya haɗe gona, ya shaida ma gari ni raggo ne, ya aza ni jirgi da tabarma guda, na ƙetaro gulbi zuwa Malanville, ƙasar wasu. Na yi dakon albasar garin Garou har bayana ya lanƙwashe. A hankali na buɗe mangaza, wato rumfar saida masara.

Shekarar da damina ta ƙi can wajenmu, sai ga yaya, ya tsufa, da buhu wofi a hammata.

"Ƙanena, ka san abin da ya kawo ni."

"Raggo bai san komi ba, Yaya. Zamna."

Tela ya leƙo, ya raɗa mani, "Nan ne wurin yafiya."

Na ce, "Shi annabi ne. Ni mai masara ne."

Hana shi ba ta yiwuwa, akwai yara gidan. Sai na cika amalanke, na ɗauko maroƙin da ya fi kowa baki. Muka bi ta gadar gulbi zuwa garinmu: maroƙi gaba, ni bisa buhuna, yaya a ƙasa yana biye. Har 'yan duwan, masu binciken kaya a iyaka, sai da suka dara.

A ƙofar gidanmu na miƙa ma yaya tiya, na ce shi za ya auna ma kowa cikin gari. Duk matar da ta tara ƙwarya, maroƙi ya tambaya da ƙarfi, "Masarar wa?" Ba a zuba sai yaya ya amsa da bakinshi, "Ta ƙanena." Inda muryar ta yi ƙasa, in ce ban ji ba.

Kowa ya ci, har shi. Bai sake yi mani magana ba har ya koma ga Allah. Na tahi jana'iza, na yi mashi addu'a, gajera.