Na Ci Kazar Oga Lin, Na Kuma Kai Ƙararsa

Ku da kuka fara gadi bana, gara in ba ku labarin wautata da bakina kafin wani ya ba ku ya ƙara gishiri. Ba na jin zan taɓa manta ranar da na sa aka kulle mutum lafiyarsa ƙalau, bayan na gama cinye masa kaji.

A shekarar da korona ta tsayar da jirage ne. Ina gadin ƙofar gidan ma'aikata a bayan garin Al Rayyan, can ƙasar Larabawa, na wani kamfanin 'yan Sin masu haɗa ƙarafan gine-ginen gasar ƙwallon duniya. Karatuna bai wuce aji uku ba, shi ma rabinsa a kan mangwaron hedimasta na yi shi. Amma da cutar ta zo aka damƙa mini bindigar auna zafi, sai na koma jin kaina rabin likita. Duk mai shiga in auna goshinsa, in duba wayarsa in ga alamar lafiya kore ce. Wanda na ga yana tari ko abinci ya fita ransa, in sanar da jami'in kiyaye haɗari, wanda muke kira Sefti. In an sanar, ba ja da baya: za a ware mutum a kwantenar bayan gida har sakamakon gwaji ya fito.

Oga Lin shi ne shugaban masu walda, dattijo ne sa'ana, mai son nama da tsokana. Kwatsam mutumin nan ya yi tsit. Da rana in an kawo abinci sai ya miƙo mini robar kazarsa a rufe, ya zauna da farar shinkafa da ganye. Ni kuwa na karɓa na yi bismilla. Sai da na ci ta farko, na ci ta biyu, ranar ta uku ina tsotsar ƙashi na lura idonsa ya yi ja, yana ɗan tari. Gabana ya faɗi, ba don shi kaɗai ba, har da kajin da ke cikina. Ko hannu ban gama wankewa ba na nufi ofishin Sefti.

Kafin la'asar an sa shi a kwantena. Bai yi gardama ba, amma kallon da ya yi mini sai da na sunkuyar da kai.

Wu ne ya zo ya same ni, kukunsu, wanda ya taɓa aiki a Legas yana jin Turancin buroka. Ya ce, “Baba, ka san abin da ka yi kuwa?” Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ƙauyensu Oga Lin a bakin teku yake, kuma duk bayan 'yan shekaru suna bikin korar annoba a addininsu na Tao. Malamansu su yi ta karatu, gari duka a bar cin nama, har mahauta su rufe rumfa. A sassaƙa jirgin ruwa na katako da takarda, a zaga da shi lungu-lungu ya kwashe cutar gari, sannan a kai shi gaɓa a ƙone. Shugaban biki da ƙuri'a ake fitar da shi, kuma tun kafin korona ta faɗa kan Oga Lin. Da hanya ta rufe, dattawa suka yarda ƙanensa ya riƙe waya a gaban jama'a, shi kuma daga nan ya kiyaye nama, ya kunna turare, ya ba da izinin sa wa jirgin wuta. Jan ido da tarin nan hayaƙin turare ne. Kuma gobe da hantsi za a ƙone jirgin. In ba a ga fuskarsa ba, za a ce gidansu ya kunyata gari a shekarar annoba, ga tsohuwarsa da rai tana jira.

A kwantenar nan waya ba ta kamawa, ga na'urar jin hayaƙi a sama.

Na koma wa Sefti na ce na janye maganata. Ya ce khalas, wato magana ta ƙare, an riga an kira masu gwaji, ko shi ba shi da ikon buɗe ƙofar. Na yi ta magiya, har ya ce taga dai tana buɗuwa, amma ina amfaninta tunda ba layi a wajen? A nan na tona wa kaina asiri. Na ce akwai wani wuri daidai ƙarƙashin tagar, kusa da tankin ruwa, inda layi yake kamawa sarai. Ya tambaye ni yadda aka yi na sani. Na ce a nan nake laɓewa in kira iyalina a Gumel lokacin aiki. Ya ce wannan za mu yi maganarsa daga baya. Sharaɗinsa: turare a waje cikin bokitin yashi, ba mai matsawa kusa da tagar, ni kuma in tsaya da tukunyar kashe gobara.

Washegari da hantsi Wu ya kunna turare, ya ɗaga waya a kan sandar goge ɗaki. Oga Lin ya leƙo ta taga da takunkumi, ya sa riga mai tsabta. A cikin wayar na ga jama'a maƙil, ana buga ganguna da wasu faranti na tagulla, maza sun ɗauko jirgi a kafaɗa, mata na zuba buhunan shinkafa a gindinsa. Wata tsohuwa ƙarama ta kusanto fuskarta har ta cika wayar. Oga Lin ya rusuna, ya yi magana ya ba da izini, sai wuta ta kama. Ni Musulmi ne, ban rusuna ba, ba kuma wanda ya ce in rusuna. Tsayuwa na yi: ana ƙona jirgi a ƙasar Sin, ni ina Al Rayyan rungume da abin kashe wuta.

Da yamma sakamako ya fito, ba shi da komai. Na zauna a kan bencin ƙofa na yi ta hamdala.

Abin da na koya, dokar kai rahoto daidai take, ko gobe na ga mai tari zan faɗa. Amma mai gadi baki gare shi ba ido kaɗai ba. Da na tambayi Wu tun ranar kazar farko, da na san da bikin na kai rahoto da wuri, an yi gwajin an gama tun kafin ranar.

Da Oga Lin ya fito, ya tsaya a ƙofa na auna goshinsa kamar kullum. Ya yi wata magana da yarensu, Wu ya yi dariya ya fassara mini: “Ya ce kai duk shekara wata guda kake yi ko ruwa ba ka sha da rana, amma shi bai taɓa kira maka likita ba.”