Zaglul da Goɗiyar Alhaji Mitwalli

A garin Bilbes, ba nisa da Alƙahira, babu wanda bai san Zaglul mai fenti ba. Shi ke rubuta allunan mahauta da na masu aski, amma in an tambaye shi sana'arsa sai ya daki ƙirji ya ce zanen dawaki. Amalanken garin kusan duk akwai dokinsa a jiki, wuya a lanƙwashe, wutsiya a sama. Abin da ke ba mutane dariya, shi ma yana taya su, shi ne duk duniya ba abin da Zaglul ke tsoro kamar doki. Tun yana yaro wani ingarma ya cije shi a kafaɗa, daga ranar suka raba hanya.

Da la'asar a gidan shayi yake baje iliminsa. Ya ba da labarin dawakin Fir'auna da aka sassaƙa a bangon dutse, ƙafafun gaba a sama. Ya ce masu zanen da can sukan miƙe wa doki ƙafa huɗu in yana sukuwa, sai da na'urar hoto ta zo aka ga ba haka yake gudu ba.

"To kai ya kake ganin gudunsa, Baban Rajab?" in ji mai shayi, wanda ke kiran Zaglul da sunan ɗansa.

"Ni? Ai ban taɓa tsayawa na gani ba. In ya taso na riga shi yin gaba."

Wata rana Alhaji Mitwalli, mai kiwon dawaki a bayan gari, ya aiko a zana masa goɗiyarsa Gazala. Matar Zaglul, Sabriyya, ta ƙunsa masa gurasa da wake, ta ce, "Ka dawo mini da kafaɗa biyu dai."

Ya isa barga ya kafa katakon zanensa can nesa da shinge. Alhaji ya ce, "Haba malam, matso mana, daga nan ko launinta ba za ka gani ba." Zaglul ya fara bayanin yadda magabata ke duban doki daga nesa. Yana cikin zuba, ya ji numfashi mai ɗumi a ƙeyarsa. Ashe an kwance Gazala, ta biyo ƙanshin gurasar da ke aljihun jallabiyarsa. Bai waiwaya ba. Ya zabura, ya yi tuntuɓe, sai ga shi zaune tsamo-tsamo cikin komin ruwan dawaki, goɗiya kuwa na cin abincinsa a natse.

Washegari ya dawo da tsani, ya haye rufin barga, daga can ya yi aikinsa. Da ya gama ya sauko da zanen. Alhaji ya juya shi dama, ya juya shi hagu. Gadon baya ne kawai, da geza, da tsinin kunnuwa biyu.

"Zaglul, wannan kifi ne ko goɗiyata?"

"Ita ce, Alhaji. Haka tantabaru ke ganinta."

Alhaji ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce shi ba tantabara ba ne, a sake. Ya riƙe linzami da kansa, ya sa aka ajiye wa Zaglul kujera dab da ita. Zaglul ya zauna yana salati, gumi na bin gemunsa. Hannu na rawa, burushi na rawa, duk layin da ya ja sai ya fito biyu. In ta kaɗa kai ya runtse ido. A nan ya fara ganin idon doki kurkusa, ya ga har da gashin ido dogaye, abin da bai taɓa sa wa dawakinsa na amalanke ba.

Zanen ya fito a hargitse, ƙafafu kamar takwas. Alhaji ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wallahi kamar tana gudu." Ya rataye shi a ɗakin baƙinsa. Masu kiwo suka riƙa zuwa gani, suna aiko wa Zaglul aiki, kowa ya ce irin mai motsin nan yake so.

Wani malamin zane daga Alƙahira ya taɓa tambayarsa inda ya koyi salon. Zaglul ya ce, "Ranka ya daɗe, salo kuma? Tsoro ne tsagwaronsa. Addu'ata kullum kar Allah ya yaye mini shi, yara na makaranta, da shi nake biya musu kuɗi."