Ladan Bai Sha Sigari Ba

Duk wanda ya daɗe a Arlit ya san Radiyya ɗiyar Hashimu Ladan, ko da a bakin mutane ne. Matasa na kiranta mai ilimin Turai, tsofaffin unguwarsu kuwa mai riƙo suke ce mata, kuma ba su yi mata ƙarya ba. Shekara ashirin cur ta yi da mutum ɗaya a zuci, ba ta taɓa sauke shi ta huta ba.

Ubanta mutumin Damagaram ne, ya hauro arewa neman aiki tun ba a haife ta ba. Wani ƙaramin kamfani ya ɗauke shi, irin masu karɓar aikin niƙa dutsen uraniyom daga hannun manya. Yini yake a bakin injin, ya dawo fari fat kamar an tsoma shi a buhun gari, ya yi wanka ya tafi kiran salla a masallacin unguwa. Abin bakinsa goro ne kawai. Ko warin sigari ya ji, sai ya sauya hanya.

Tana shekara goma sha biyar muryarsa ta fara shaƙewa, tari ya biyo, sai jini. A gidan likitan kamfanin aka yanki ɗan nama daga huhunsa aka aika Yamai, amsa ta dawo cewa ciwon daji ne. Likitan, wani Dakta Zayyadu, ya buɗe bakin Hashimu, ya dubi haƙoran da goro ya rina, ya rubuta a dosiye, wato takardar majinyaci, cewa mashayin sigari ne. Kada ma a ce kuskure ya yi. Ɗan Tawa ne, ya san jan goro, ya san baƙin taba. Kamfani ne ba ya son jin kalmar ƙura, shi kuma yana son kujerarsa.

Radiyya ce ta karanta wa uwarta Hansai takardar, don ita ce mai lakwal, wato karatun boko, a gidan. Ba a jima ba Hashimu ya rasu, kuma kafin sadakar bakwai magana ta zaga unguwa, wai ashe Ladan a ɓoye yake busawa. Wata maƙwabciya ta zo gaisuwa, ta taɓe baki ta ce, "Allah dai ya rufa asiri, kowa da abin da yake ɓoyewa." Daga ranar Hansai ta daina zuwa biki da suna. Radiyya ta tsani Zayyadu, tsana mai tsabta wadda ba ta da haɗi.

Ta ci jarrabawa ta tafi Yamai, daga can Dakar, daga can Turai. Dangi sun ɗauka likita za ta zama ta dawo tana yi musu allura kyauta. Ina! Labo ta shige, wato ɗakin binciken kimiyya, ta duƙufa kan abin da ake kira kuromatin, wanda babu mai iya faɗarsa a gidansu. Wata rana uwarta ta tsare ta a waya ta ce, "Wai ke me kike nema ne a cikin kwalabe?"

"Inna, a kowace ƙwayar jikin mutum akwai wani dogon zare, an naɗe shi kamar yadda kike naɗe zare a mazari. Inda aka ɗaure tam ba ya aiki, inda aka sassauta yana yi. Abin da mutum ya daɗe yana shaƙa yakan bar tabo a kan naɗin, ni kuma tabon nake karantawa."

"Har sigari?"

"Musamman ma sigari, Inna."

Hansai ta ce, "To, ki yi ta karatu."

Ta kuwa yi. Shekara goma sha biyu tana bin yadda naɗin ke kwancewa a huhun masu ciwon daji, har sunanta ya fara fitowa a mujallun masana. Abokan aikinta sun ɗauka son ilimi ne ke hana ta hutun Lahadi. Akwai son ilimin, ba a ce babu ba, amma da sun leƙa zuciyarta da sun tarar da wani tsohon likita zaune a ciki. Abu ɗaya ya rage mata, ba ta da naman da za ta auna.

Da ta ji kamfanin ya tattara ya tafi, sai ta dawo Arlit ta nemi Majo Alkassoum, mutumin Dannet, wanda ya yi shekara talatin yana aikin jinya a ƙarƙashin Zayyadu. Ya ja ta bayan ɗakinsa, ya nuna mata tuluna uku a binne cikin jiƙaƙƙen rairayi. Duk ɗan naman da aka taɓa aikawa Yamai yakan dawo a daskare cikin kakin kyandir, kamar ƙwayar sukari, da lambar mai shi. Ranar rufe gidan likitan an umarce shi ya ƙone su duka.

"Naman Musulmi ne, ɗiyata," in ji shi. "Wuta ba ta cin shi a hannuna." Sai ya adana su yadda ake adana man shanu a daji, kullum safe yana yayyafa wa rairayin ruwa don kada kakin ya narke.

Mutum arba'in da ɗaya ne, kowanne Zayyadu ya rubuta masa sigari. Radiyya ta bi gida gida, matan mamatan suka dangwala mata yatsa a takardar amincewa, ta tafi da kayan. Bayan wata takwas amsa ta fito. Talatin da uku babu ko alamar taba a jikinsu, shida sun sha, biyu kuma sun lalace ba sa karantuwa. Ɗaya daga cikin biyun na Hashimu ne, don shi ne a bakin tulu inda zafi ke bugawa. Ta sake aunawa sau huɗu, ta zauna a ƙasan labo ta yi kuka kamar ranar da aka binne shi. Babu wanda zai gane in ta cika gurbin da hannunta, amma ta bar shi fari. A rahotonta ma ba ta ce ƙura ce ta kashe su ba, don awonta bai kai nan ba. Ta dai ce ba sigari ba ce.

Tana cikin wannan baƙin ciki labari ya zo mata cewa Zayyadu zai tafi hajji. To, kowa ya san mai niyyar Makka sai ya tara jama'a ya nemi gafara kafin ya tashi, kuma kowa ya san amsar ba ta wuce "mun yafe". Radiyya ta sayi tikiti a ranar.

Da hantsi aka kafa rumfa a ƙofar gidansa. Zayyadu ya miƙe cikin farar riga, ya tsufa, ya yi ƙiba, ya ce, "Jama'a, duk wanda na ɓata wa, da sani ko da kuskure, ya yafe mini." Bai rufe baki ba mata suka ɓullo daga kwana, zawarawa da 'ya'yansu, Radiyya a gaba riƙe da hannun uwarta. Ta miƙa masa takarda mai sunayen mutum talatin da ukun nan.

"Likita, ga waɗanda ka ɓata wa da sani. Karanta."

Ya dubi liman yana neman ceto. Liman ya ce, "Kai ka nemi gafara, ga masu haƙƙi sun zo. Karanta mana."

Ya fara karantawa. Kowane suna ya kira sai ya ce bai sha sigari ba, wata mace ta fashe da kuka a bayan rumfa. Radiyya ba ta ɗauke ido daga kansa ba, kuma ko ɗigon tausayi ba ta ji ba. Da ya kai na talatin da uku ya nemi zama.

"Saura Hashimu Ladan," in ji ta.

"Ai ba ya cikin takardar."

"Ba ya ciki. Namansa ya lalace, ba ni da shaida ko ɗaya. Kai ka buɗe bakinsa, kuma jibi za ka tafi ɗakin Allah. Faɗa wa mutane abin da ka gani."

Zayyadu ya sunkuyar da kai ya ce, "Goro ne."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

"Goro ne! Tun ranar na sani." Ya juya wajen tsohuwar, hawaye na bin gemunsa. "Hansai, don girman Allah ki yafe mini."

Liman ya gyara murya zai sa baki, Hansai ta ɗaga masa hannu.

"Nawa haƙƙin ban yafe ba," ta ce. "Shi kuwa da ka yi wa ƙazafi ba ya nan, balle ka roƙe shi. Je ka Makka, Allah ya kai ka lafiya. Can gaba za ku haɗu da shi."

Radiyya ta ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinta, irin wanda rabonta da shi tun tana yarinya. Ta kama hannun uwarta suka fita, matan nan suka bi bayansu, aka bar masa tukwanen shinkafarsa ba wanda ya buɗe.