Baƙin Dutsen Murhun Iya Hansai

A gidanmu na Ɗansoshiya, ba a kiran yara tatsuniya da baki. Idan aka idar da sallar isha, kakarmu Iya Hansai takan zauna bakin murhu, ta ƙwanƙwasa munduwarta a jikin ɗaya daga cikin duwatsun. Biyu jajaye ne irin na kowa, ɗayan kuwa baƙi ne wuluk, ya nutse cikin ƙasa. Da ta taɓa shi sai ya saki wata doguwar ƙara mai zaƙi, mu kuwa mu watsar da wasa mu sheƙo a guje, har da 'ya'yan maƙwabta.

Ni takan ja kusa da ita tana tsokana. "Maigidana rago, zo nan. Ko cefane ba ka ba ni ba, amma kullum kai ne a gaba."

Akwai wata tatsuniya da ba ta gajiya da ita. Wai a wani gari, garma da lauje da gatari suka haɗu suna fariya. Garma ta ce ita ke ciyar da gari, lauje ya ce ba don shi ba da shinkafa ta ruɓe a fadama. Sai suka juya kan uwar maƙera, wato ƙarfen nan da maƙeri ke ɗora aiki a kai yana duka. Suka ce ba ta noma, ba ta girbi, tana zaune sai shan duka kawai. Suka mirgina ta suka jefa a rafi.

Da damina ta faɗi, bakin garma ya dakushe, lauje ya karye, babu inda za a kwantar da su a gyara. Ciyawa ta cinye gonaki. Suka bazama rafi nema, ga duwatsu baƙaƙe birjik, kowanne yana cewa shi ne. A nan Iya takan rage murya, mu kuma mu matso har hayaƙi na shiga idanunmu.

"Ku buga ku ji," in ji ta. "Dutse in an buge shi shiru yake yi, ko ya fashe. Ita kuwa amsawa take, ta dawo maka da gudumarka. A bayanta akwai kwarmi inda 'ya'yanta ke kwanciya, kuma tana da wutsiya a ƙasa."

Wutsiyar nan ita ke ba mu dariya har mu faɗi. Da suka gane ta suka ba ta haƙuri, ba ta ce musu komai ba, ta juya musu baya kawai suka kwanta aka gyara su.

Da na zama saurayi, Iya ta taɓa cewa in je in koyi ƙira, don mahaifinta maƙeri ne kuma bai bar ɗa namiji ba. Na yi dariya na ce mu manoma ne, ba zan zauna ina shaƙar gawayi ba. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta rasu.

Bara, gemuna ya riga ya yi fari, muka rushe tsohon madafin don a yi ɗaki. Magina suka yi ta fama da baƙin dutsen, da ƙyar suka tumɓuke shi. Na ga ƙarfe ne ya yi tsatsa, na aika a kira ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, da ke yawo da baro. Muka daidaita, ya ɗaga zai ɗora, sai ya suɓuce masa ya bugi ƙarfen baron.

Ƙarar nan ce. Wallahi sai na ji kamar in waiwaya in nemi wurin zama kusa da Iya. Na durƙusa na kankare tokar da ta daskare a kansa, ga kwarmi sumul. Na mirgina shi, ga wutsiya mai tsini. Na ce wa ɗan gwangwan ya yi haƙuri, na fasa. Ya ce, "Baba, ai an gama magana." Na ce ya ɗauki tsohon kekena kyauta, amma wannan ba ya fita gidan nan.

Washegari na ɗaure shi a babur sai Kwanar Dangora, wurin wani tsohon maƙeri, Malam Barau. Ya shafa, ya saki guduma a kai, ta yi tsalle ta dawo hannunsa. Ya daɗe yana murmushi. Ya ce uwar maƙera ce, irin wadda aka narka daga tama tun kafin a fara ƙira da ƙarfen mota, kuma wutsiyar a kututture ake kafa ta. Ya tambayi ko sayarwa zan yi, na ce koyo na zo. Ya dubi furfurata ya ce, "To Alhaji, ɗaliban nan daga zugazugi suke farawa." Na naɗe hannun riga na zauna.

Yanzu na kafa ta a gindin darbejiyar ƙofar gida. Fartanyar da na fara ƙerawa ta karkace, matata ta ce ko kaza ba za ta tsorata da ita ba, amma da ita na yi noman gyaɗar bana. A da na ɗauka Iya tana koya mana kada mu raina mai shiru ne. Haka ne, amma akwai abin da ya fi wannan. Ta san a gidan manoma ba mai ajiye mata gadon ubanta, sai ta sa shi inda ba za a taɓa ɗagawa ba, ta zuba mana alamominsa a kunne, ko Allah zai sa wani ya tuna. Na makara, ba ta ga wannan rana ba.

Jiya da yamma ina gyara wani lauje, na ɗago kai sai na ga jikokina sun watsar da wasa sun kewaye ni, ba wanda ya kira su. Na ajiye guduma na ce su zauna.