Trajanka Pejoska da Waƙar Makokin Ilija

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Trajanka Pejoska ranar 9 ga Maris, 1951, a wani ƙauyen manoman taba kusa da Prilep. Mahaifinta Metodija manomi ne. Mahaifiyarta Cveta kuwa ita ce mai rera waƙar makoki a ƙauyen, ba a fita da gawa sai an ji muryarta. A 1963 dutse ya faɗo wa Ilija, yayan Trajanka, a mahaƙar duwatsu ya kashe shi, kuma a kan gawarsa Cveta ta tsara waƙar da ba a taɓa jin irinta ba. A al'adar ƙauyen irin wannan waƙa ta mamacinta ce shi kaɗai, ba a ɗaga ta a inda babu gawa.

Karatu da Kafa Ƙungiya

A 1970 Trajanka ta tafi birnin Skopje karatun malanta, mace ta farko daga ƙauyen da ta yi haka. Can ta haɗu da samari huɗu 'yan birni masu haɗa jita da ganguna da kiɗan ƙauye, ciki har da Kiril Andonov, wanda ta aura a 1974. Sun raɗa wa ƙungiyarsu suna Sedum Izvori, suka shekara bakwai suna kiɗa a bukukuwa da zaurukan ma'aikata, mota ɗaya ke ɗaukar su da kayansu, kuma sau da yawa turin ta suke yi.

Waƙar da Ta Ƙetare Iyaka

A 1978 suka ɗauki waƙar Ilija a faifai. Trajanka ce ta dage a kan haka, domin a cewarta sunan yayanta bai kamata ya ƙare a makabartar ƙauye ba. Waƙar ta karaɗe gidajen rediyon Jamus da Italiya da Holland tsawon damina guda, mutanen da ba su san ma'anarta ba suna taka rawa da ita. Ba su sake samun wata waƙa da ta fita waje ba. Da labarin ya iso gida, Menka, aminiyar Cveta, ta tare Trajanka a bakin rijiya ta ce, "Sannu da zuwa, tauraruwa. Ilija ya iya rawa yanzu?" Cveta ba ta ƙara rera wa kowa makoki ba har ta rasu a 1985, kuma matan ƙauyen suka yanke cewa ranar da Trajanka ta mutu babu wadda za ta buɗe baki a kanta.

Komawa Gida

Ƙungiyar ta watse a 1983, Kiril ya rasu a 1990. A shekarar da ta biyo baya Trajanka ta koma gidan mahaifinta, duk da tana da wurin zama a birni. Shekara ashirin da takwas tana koyar da yaran ƙauyen, tana jera ganyen taba a zare ita kaɗai a ƙofar gida alhali sauran mata suna yi a taro. Ba ta nemi afuwar kowa ba, kuma babu jana'izar da ba ta halarta ba.

Rasuwa

Ta rasu ranar 2 ga Nuwamba, 2019, tana da shekara sittin da takwas. Washegari a bakin kabari, bayan limamin coci ya gama addu'a, matan suka yi shiru kamar yadda suka alkawarta. Sai 'yarta Biljana, wadda ba ta san wata waƙar makoki ba sai ta faifan, ta ɗaga ta, ta sa sunan mahaifiyarta a gurbin na Ilija. Ba ta kai rabi ba Menka, mai shekara casa'in da ɗaya, ta dogara sandarta ta matso.

"Kina sauri, 'yar nan, wannan ai gudun ganga ne. Ba haka Cveta take jan ta ba. Matsa."

Menka ce ta ƙarasa waƙar, sauran matan suna amsawa, aka binne Trajanka kusa da yayanta.

Ta bar 'ya'ya uku: Goce, makanike a Bitola, Biljana, ma'aikaciyar jinya a Prilep, da Vesna, wadda ke noman taba a gonar kakanta. Ta kuma bar jikoki biyar.