Igiyar da Magagi Ya Jefa wa Taubashinsa

Magagi mai igiya bai taɓa shiga ofis ba sai da ya haura shekara sittin. A wani ƙauye gabas da Filinge aka haife shi. Ya fara noman gero tun bai kai tsawon hauya ba, ya yi ci-rani sau huɗu a Kwatano, sannan ya dawo ya zauna kan sana'ar ubansa, tufkar igiyar kaba. Duk wanda ya ɗaure jaki a wannan yanki ya san hannunsa. Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko hira ake yi, kaba na tsakanin tafukansa yana murzawa.

Yana da taubashi, Zaidu, ɗan gwaggonsa, mai kiwon awaki a wajen Damana. Shekara arba'in wasansu ɗaya ne. In Zaidu ya shigo kasuwar Filinge, sai Magagi ya lallaɓo ta baya, ya jefa masa zarge a wuya, ya ja shi yana cewa, "Ga tsohon bunsuru, wa ka saye?" Zaidu kuwa ya ce, "Sake ni, matsiyaci, igiyakka ko kaza ba ta riƙewa." A yi dariya, su zauna su sha fura.

Ranar da abin ya faru, Zaidu ya zo tare da sabon surukinsa Faruk, direba daga Abala, wanda ya auri ɗiyarsa Sa'adatu. Ba wanda ya tuna ya gaya wa Faruk komai. Abin da ya gani kawai, wani ya shaƙe surukinsa da igiya yana ja. Ya fizgi sanda daga hannun wani makiyayi, ya sauke ta a kafaɗar Magagi. Masu igiya suka tashi, abokan tafiyar Faruk suka shigo. Zaidu na ihu yana cewa wasa ne, ba mai ji. Magagi ya miƙe idonsa na ganin duhu, ya ture wanda ke gabansa, bai san ko wane ne ba. Kafin ƙura ta lafa, Mairama mai nono tana ƙasa cikin fasassun ƙore, hannunta a karye.

Jandarmomi suka kwashi mutum bakwai. Kwana biyu suka yi a jandarmari, aka sallame su da takardar kira: bayan mako uku su bayyana gaban alƙali kan faɗa a bainar jama'a wanda aka ji wa wani rauni a cikinsa.

Mako ukun nan Magagi bai gama igiya ko ɗaya ba. Ya tufka kamu biyu, ya warware. Ya tafi gona, ya tsaya a bakin iyaka, ya juyo. Takardar tana aljihunsa, ba ya iya karanta ta, amma yana fito da ita sau goma a yini ya duba hatimin. Matarsa Haske ta ce, "Malam, takardar ga za ta mutu kahin ranar ta zo." Ya ce, "Ina ma ta mutu." Ba kaso kaɗai ke cinsa ba. Ya kasa tuna ko wanda ya ture ne ya faɗa kan Mairama. Zaidu kuma bai sake zuwa kasuwa ba, ko saƙon gaisuwa bai aiko ba.

Ashiru, ɗan ƙanensa, magatakarda ne a cikin gari, ya san yadda ake magana gaban hukuma. Ya zo ya zauna da shi a zaure.

"Baba, abin mai sauƙi ne. Kai aka buga. Ka ce kana zaune kan kayanka, Faruk ya zo ya kai maka sanda. Kar ka ambaci igiya."

"To, igiyar hwa?"

"Wa zai tambaye ka? Masu igiya duk naka ne. In ka yi haka, kai za ka dawo gida."

"Shi kuma?"

"Shi ya san ta kansa. Wata shida, ko abin da ya fi."

Magagi ya tashi, ya leƙa waje, ya dawo ya zauna. Ya san Sa'adatu na da ciki. Ya san kuma in ya tura mijinta kaso da bakinsa, shi da Zaidu sun rabu ke nan har kabari. Amma ya ga bangon gidan kaso daga waje sau da yawa, kuma gwiwoyinsa ba na da ba ne. Ya ce wa Ashiru zai yi tunani. Tunanin ya hana shi cin tuwo.

Ranar shari'a ya sa rigar sallarsa. Zaidu na can ƙarshen benci, kansa a ƙasa. Faruk ya rame. Mairama na gefe, hannunta rataye da gyale. Alƙali ya saurari kowa, da ya zo kan Magagi ya ce, "Baba, wa ya fara?"

Ashiru ya yi tari daga baya. Magagi ya shafa kafaɗarsa, ya dubi Faruk.

"Ni na hwara, ranka shi daɗe. Ni na sa ma surukinai igiya a wuya. Yaron ga abin da ya gani ya yi ma aiki. Kuma na ture wani, ban san wa ba."

Zaidu ya miƙe ba a kira shi ba. "Ƙarya shikai, ranka shi daɗe. Wanga bai taɓa hwara komi ba a duniya, ko yaye ni na riga shi. Ni na miƙa mai wuya."

Aka yi dariya har jandarma ya tsawatar. Alƙali bai yi ba. Ya ce, "Ni ma ina da taubasai, Baba, na san wasan. Amma hannun wannan mata ba da wasa ya karye ba." Ya yanke wa su bakwai ɗin ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata uku, jinyar Mairama kuma a wuyansu. Duk wanda aka sake kamawa da laifi cikin shekara biyar, sai ya yi wata ukun a ciki. Faruk ya koma wa matarsa a ranar.

A waje Ashiru ya ce, "Baba, da ka fita ba tabo, ka ɗauko wa kanka shekara biyar." Magagi ya ce, "Na ji." Zaidu ya wuce ta gabansu, ya ce, "Rigar ga aro ce ko?" Magagi ya ce, "Ta ubanka ce," suka nufi tasha tare.

Yanzu shekara ta uku ke nan. Yana nan yana tufka, yana zuwa kasuwa. Sai dai da ya ji murya ta ɗaga, ko masu gishiri ne ke gardamar mudu, sai ya bar kayansa a shimfiɗe, ya maida hannuwansa baya, ya tafi masallaci ya zauna har a yi shiru. In ya dawo gida ya tambayi Haske damina nawa ta rage.

"Biyu," in ji ta. "Jiya ma ka tambaya."